Ƙarshen Labarin Benta

São Paulo, 9 ga Agusta, 1987

Inna Valdelice,

Ki sa mini albarka. Gaisuwa mai yawa gare ki da Kaka Zulmira da duk mutanen Baixa da Jaqueira. Yaya gwiwar nan taki? Na sa man shafawa a cikin ƙunshin nan. Don Allah ki shafa da kanki, kada ki rabar wa maƙwabta kamar na bara. Farin ɗankwalin na Kaka ne. Ni lafiya lau nake, in ban da mura da ta riƙe ni mako biyu. Shekara tara ke nan, har yau ni da sanyin garin nan ba mu saba ba.

Aiki yana nan yadda kika san shi, tafireta daga safe har yamma, ina buga wasiƙun mutanen da ba su san sunana ba. Amma Inna, akwai labari.

Na taɓa gaya miki muna haɗuwa ran Asabar a bayan wani shagon kitso, mu mata baƙaƙe goma sha ɗaya masu rubutu, kowa ta karanta abin da ta rubuta. To ni labarin Benta nake rubutawa, uwarmu ta farko, wadda aka ƙetaro teku da ita da tsaga uku a kowane kunci. Yadda Kaka take ba da shi in mata sun zauna ferar rogo, haka na zuba shi a takarda, har da tarinta, har da inda take tsayawa ta zagi wuƙa. Da na karanta musu, wata ta rufe fuska da zane. Ita ce ta kai wa wani kamfanin buga littattafai, sun kuma ce suna so. Watan Mayu mai zuwa za a cika shekara ɗari da hana bauta, shi ya sa kowane kamfani ya tashi neman baƙar mace mai alƙalami. Na san dalilinsu, ban ruɗe ba. Amma ƙofa ce ta buɗe, ban san ranar da za ta sake buɗewa ba.

Abu biyu nake roƙo, ki karanta wa Kaka a hankali. Na farko, izininta. Na biyu ya fi nauyi. Tun ranar da uwata Dinorá, 'yar uwarki, ta rasu kika ɗauko ni nake jin labarin nan, kullum kuma wuri ɗaya Kaka take tsallakewa. Za ta kai mu ranar da aka kira Benta daga gonar rake zuwa babban gida, sai kawai mu gan ta a filinmu da jaririya Anísia a baya. Tsakanin nan fa? Wane ne uban Anísia? Yaya Benta ta bar gonar da ranta? Kuma mene ne sunan da ta zo da shi, kafin limamin coci ya yayyafa mata ruwa ya ce Benta?

Na san mace ɗaya ake gaya wa wannan wurin a kowane zamani. Amma zamani ya canza, Inna. Kaka ta haura tamanin da bakwai. Takarda ba ta tsufa kamar mutum.

'Yarki,
Iraildes

Baixa da Jaqueira, 14 ga Satumba, 1987

Irá,

Allah ya yi miki albarka. Ƙunshi ya iso. Man nan naki warinsa kamar kifin da ya kwana uku a kwalekwale, amma gwiwar ta yi sauƙi, ba zan yi miki ƙarya ba. Kakarki ta ɗaura ɗankwalin ta je coci, ta dawo ta ce mata uku sun tambaye ta, ta ce musu daga jikanyarta ta São Paulo. Wadda ta wanke shi ta goge kuwa ba wanda ya tambaya.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Shekara talatin ina naɗin taba a Cachoeira, yatsun sun ƙi miƙewa. Murar nan, ki dafa citta da lemun tsami, ki daina yawo ba rigar sanyi. Kakarki lafiyarta ƙalau, ta fi ni ci. Jiya ta cinye kwanon miyar kuɓewa ta ce manjan bai ji ba. Rogo ya yi kyau bana. 'Yar Creuza maƙwabciyarmu ta haifi tagwaye, ga watan waliyyai tagwaye da ake dafa wa miyar kuɓewa ya kama, kin ga girki ya same mu. Kuɓewa kwando huɗu za mu yanka, ni ce kuma mai yankan, kamar kullum.

Maganarki. Sau biyu na karanta mata wasiƙar, don a karon farko ta ce ina haɗiye kalmomi. Ta ci gaba da aikinta har ta fere rogo uku. Na ce, "Mama, ko kin yi barci ne?" Ta ce, "Ke ce dai kike barci tun da aka haife ki." Sannan ta ce, "Ki ce mata abin nata ne. Tun ranar da ta faɗo duniya nata ne. Yana nan yana jiranta, ta ɗauka."

Abin da ta ce ke nan. Ni ba a tambayi ra'ayina ba, saboda haka ba zan ba da shi ba.

Kin ce takarda ba ta tsufa. Takardar haihuwarki tana cikin akwatina, gara ta cinye rabin sunanki.

Ki gaishe da matan shagon kitson, tun da su ne danginki yanzu.

Innarki,
Valdelice

São Paulo, 11 ga Oktoba, 1987

Inna,

Ki sa mini albarka. Na ji daɗin gwiwa ta yi sauƙi. Mura ta tafi, cittarki ta yi aiki. Ki yi wa Creuza barka, ki sumbaci hannun Kaka a madadina.

A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin ƙofa, sai da na zauna a kan matakala. "Abin nata ne, ta ɗauka." Na kwafe shi na manna a bango saman tafiretata. Ban zaci za ta yarda da sauƙi haka ba. Ki ce mata na gode, ba zan kunyata ta ba.

Sai dai ba ku aiko da tsakiyar labarin ba. Na fahimta, wataƙila Kaka ba ta son ya bi ta hannun ɗan aike. To ga halin da nake ciki. Editan, wani Dokta Otávio, ya kira ni ofishinsa. Ya yabi littafin sosai, sannan ya buɗe inda ramin yake ya sa yatsa.

"Dona Iraildes, nan fa? Mai karatu zai faɗa ciki."

Na ce haka muka gaje shi.

Ya ce, "Ai ke marubuciya ce, ba rikoda ba. Ki cike. Amma ki ji shawarata, mutane sun gaji da bulala. Baɗi shekarar sulhu ce."

Na ce kakata ba ta gaji da faɗar ta ba.

Ya yi dariya ya ce, "Kakarki ba ta sayen littafi."

Na so in tashi, Inna, ban tashi ba. Shawararsa ita ce a sa ɗan mai gonar, saurayi da ya dawo daga karatu, ya ga Benta ya so ta, ya 'yanta ta a ɓoye, ya ba ta filin da muke zaune a kai. Na ce zan yi tunani. Da na yi tunanin kuma sai na ce wa ya sani? Wataƙila ma haka aka yi, shi ya sa ake ɓoyewa don kunya. Ai fatar Kaka ba baƙa wuluk ba ce. Kuma filin nan daga ina ya fito?

Dole in miƙa aikin farkon Janairu. Ki karanta wa Kaka wannan shafin, don Allah, kada ki tsallake komai. In ba haka ba ne, ta ce a'a kawai, kalma ɗaya ta ishe ni. In ban ji daga gare ku ba har Kirsimeti, zan ɗauka ba ta ga laifinsa ba.

Maganar dangi kuma, Inna, ba ni da wasu sai ku. Kin sani.

'Yarki,
Iraildes

São Paulo, 22 ga Mayu, 1988

Inna,

Ki sa mini albarka, in har yanzu kina da ita a gare ni. Wata bakwai ban ga rubutunki ba. Na aiko kati da Kirsimeti, na aiko wani da Ista. In ba don direban motar Cachoeira da na tare a tasha ya ce ya gan ki a kasuwa kina ciniki da mai kifi har kina ɗaga murya ba, da na ce wani abu ya faru. Tun da kina da ƙarfin faɗa, na san kina lafiya. Yaya Kaka? Ni na rame kaɗan, amma ba ciwo ba ne.

Ga littafin nan. Ki buɗe a hankali, kada ki yage bangon. Shafi na farko sunan Kaka ne, na biyu naki da na uwata.

An yi bikin fitowarsa a wani babban shagon littattafai. Mu baƙaƙe a ɗakin, in ka cire matan Asabar, sai masu raba ƙosai, an sa musu fararen riguna da manyan ɗankwalaye irin na Kaka don su yi kyau a hoto. Wata mata ta miƙo mini kofinta da ta gama sha, kafin a ce mata ni ce marubuciyar. Ta yi ta ba ni haƙuri har na fara tausayinta. Duk da haka na tsaya a gabansu na karanta sunayenmu a jere: Benta, Anísia, Leocádia, Zulmira, Valdelice da Dinorá. Ba a taɓa kiran sunayen nan a ɗaki mai fitilu irin wannan ba.

Babin ƙarshe na yi shi yadda na gaya miki. Na jira har bayan sabuwar shekara, ba ku ce a'a ba. Biyu daga matan Asabar sun daina yi mini magana a kansa. Sun ce na shafa wa ciwo hoda. Amma su ba su san Kaka ta ba ni izini ba.

Ki karanta mata shi duka. Ina so in ji abin da ta ce, ko da zagi ne.

'Yarki,
Iraildes

Baixa da Jaqueira, 17 ga Yuli, 1988

Iraildes,

Allah ya yi miki albarka, wannan ba ni nake bayarwa ba balle in hana. Ina lafiya. Kakarki ba ta da lafiya, kuma za ki ji dalili.

Littafinki ya zo ana tsakiyar aikin garin rogo. Safiya huɗu na yi ina karantawa a rumfar rogo, mata sun cika har waje. Kwana uku na farko ba a taɓa yin irinsu ba. Creuza ta yi dariya har ta yanke yatsa. Kakarki tana ta gyaɗa kai, tana cewa, "Ja'irar yarinya, har da tarina ta sa." Ta sa na nuna mata inda sunanta yake, ta shafa shi da babban yatsa.

Rana ta huɗu na zo babin ƙarshe. Na karanta inda kika ce ɗan mai gona ya jira ta a bakin rafi, ita kuma ta sa hannunta a cikin nasa. Kakarki ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta ajiye wuƙa.

"Wane hannun? Wanda aka ɗaure?"

Ta ɗaga kai ta dubi matan.

"Da igiya aka kai ta ɗakin nan. Kakata Anísia ta gaya mini, har Benta ta mutu ba ta sa awarwaro ba, ba ta yarda ko jikanta ya riƙe mata wuyan hannu ba. Shekara ɗari da wani abu muna raba ta da mutumin nan. Yau jinina ta ɗauke ta ta mayar masa, har da fure a ka."

Tun da nake ban taɓa jin ta faɗi ko kalma ɗaya daga wannan wurin a gaban mutane ba. Ke kika fizgo ta daga bakinta.

Da a nan ya tsaya, da sauƙi. Mako biyu bayan haka sai ga mota a ƙofar gida. Wata Dona Heloísa ce, daga zuriyar masu gonar raken, da littafinki a hannu da mai ɗaukar hoto a baya. Kin canza sunan gidansu, amma kin bar sunan ƙauyenmu da na rafin, ko makaho zai gane. Ta rungume kakarki tana hawaye.

"Dona Zulmira, ashe mu 'yan uwa ne! Da na karanta, kwana biyu ina kuka."

Kakarki ta ce in kawo wa baƙuwa kujera da ruwa. Ta bari aka zaunar da ita gindin mangwaro, ta bari aka gyara mata ɗankwali, aka ɗauki hoto. Sannan ta ce, "Har yanzu kuna da ɗakin nan na bayan madafa, mai ƙofa ɗaya ba taga?"

Matar ta tafa hannu. "Kai, kin san gidan! Yanzu giya muke ajiyewa a ciki, yana da sanyi sosai."

Kakarki ta ce, "I, an ce yana da sanyi."

Da motar ta tafi ta ce in kawo ruwa da sabulu. Ta wanke hannuwanta har kafaɗa, sau uku. Tun ranar ba ta gama kwano ba. Hoton ya fito a wata jaridar Salvador, an rubuta a ƙasa: iyali ɗaya bayan shekara ɗari. Mai shago ya manna shi a bango, sai da na je na ɓalle da hannuna.

Kin ce kina so ki ji abin da ta ce ko da zagi ne. Ba ta zage ki ba. Ta daina kiran sunanki ne kawai.

Valdelice

São Paulo, 7 ga Agusta, 1988

Inna,

Ki sa mini albarka. Yaya jikin Kaka? Ki gwada mata romon kaza da garin rogo mai laushi, ta kan sha shi ko ba ta son komai. Ni kada ki tambayi lafiyata. Kwana uku ban je aiki ba.

Na yi kuskure, ba zan ɓoye a bayan Dokta Otávio ba. Shi ya faɗa, ni na rubuta, kuma na san a raina ban yarda da shi ba tun ina bugawa. Na so littafin ya fito, shi ke nan. Na je na ce a janye shi, ya nuna mini takardar da na sa wa hannu, ya ce ana shirin bugu na biyu, in yi murna.

Amma Inna, ke ma ki amsa mini. Wasiƙarki tana gabana. "Abin nata ne, yana jiranta, ta ɗauka." Ni na ƙirƙiri wannan? A watan Oktoba na rubuto muku abin da zan yi dalla-dalla, na roƙi kalma ɗaya. Wata tara kuka yi shiru. In Kaka ta ji shafin nan ta ƙi magana, me ya sa yau za ta ce na ci amanarta? In tarko ne aka ɗana mini don a ga ko zan faɗa, to na faɗa, sai a yi murna.

Ku kuka sa ni a mota kuka ce in je in yi karatu don kada in ƙare a madafar wasu kamar uwata. Ta mutu a bayan gidan mutane a Salvador tana da shekara talatin da ɗaya, ba wanda yake ba da labarinta a rumfar rogo. Ni na sa sunanta a takarda. Wannan kaɗai ban yi nadamarsa ba.

Ba za a ba ni hutu ba sai Disamba. Na roƙa, shugabar ofis ta ce in na tafi kada in dawo. Ki ce wa Kaka ina zuwa da Kirsimeti, zan durƙusa a gabanta a gaban duk matan da suka ji. Ki ce mata ta jira ni.

Wannan karon ki amsa, Inna, ko layi ɗaya.

'Yarki,
Iraildes

Baixa da Jaqueira, 20 ga Nuwamba, 1988

Irá,

Allah ya yi miki albarka. Ina fata kina lafiya. Ni gwiwa ta dawo, ga kumburin ƙafa, amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Kakarki ta rasu ran Talata, 18 ga Oktoba, da hantsi. Mun binne ta kusa da uwarta Leocádia. Matan gidan ganga, masu bin addinin kakanninmu, sun zo da fararen kaya sun yi mata nasu, limamin coci ya yi nasa. Ban aiko miki da waya ba. Na ce ba za ki iso ba ko an aika. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Kunyar haɗa ido da ke nake ji.

Kin tambaye ni, zan amsa. Ba tarko ba ne, kuma ba kakarki ba ce. Ni ce.

Abin da ta faɗa a bara ya fi abin da na rubuto miki. Cewa ta yi, "Abin nata ne, yana jiranta. Ta zo ta zauna a gabana ta ɗauka daga bakina, ba a aika shi, ba a rubuta shi." Ke ta zaɓa. Ba izinin littafi ta ba ki ba, gadon ta ba ki. Ni kuwa shekara hamsin da bakwai ina gabanta. Na ƙi aure sau biyu saboda ita. Ni nake yanke mata farce, ni nake zubar mata da fo. Tun ina budurwa nake jiran ranar da za ta ce, Valdelice, rufe ƙofa ki zauna. Sai ga shi a kunnena ta ba wadda ta tafi, kuma ni za a sa in rubuta. Na rubuta rabi, na bar rabi.

Wasiƙarki ta Oktoba kuma ban karanta mata ba. Na gane kin fahimce ta a karkace. Na sa ta a gwangwanin zare na ce, bari mai ilimi ta nuna mana iliminta. Na zaci za ki ɗan ji kunya ne kawai, ita kuma ta gane wadda ta kamata ta zaɓa. Ban san zai kai inda ya kai ba. Kullum tana tambaya, "Yarinyar nan ba ta ce ga ranar zuwanta ba?" Ina cewa aiki ya yi mata yawa. Har ta kwanta ciwon ajali tana zaton kin ji kiranta kin ƙi zuwa. Sau biyu na buɗe baki in gaya mata, na kasa.

Saura abu ɗaya. Kwana biyu kafin ta cika, da safe ina shafa mata mai a ƙafa, ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Irá, kin iso?"

Na ce, "Na iso, Kaka."

"Kin daɗe. Rufe ƙofa."

Na rufe. Ta riƙe kunnena kamar yadda take riƙe naki kina ƙarama, ta faɗa mini duka. Abin da ya faru a ɗakin, da yadda Benta ta fita, da abin da ta bari a bayanta, da yadda aka yi filin nan ya zama namu. Ta faɗi sunan sau uku, ta sa na maimaita har harshena ya iya. Da ta gama ta ce, "Ki kula da innarki, ta wahala, bakinta ne kawai ba kyau." Ban ce mata ni ce ba.

Abin da na jira duk rayuwata na same shi, amma da sunanki aka ba ni. Ba ya zauna mini daidai a ciki.

Makon jiya mata suka ce in ba da labarin a rumfa, tun da ba kowa. Na fara. Da na zo inda ake tsallakewa, jikanyar Creuza ta ce, "Dona Valdelice, kin manta wurin da ɗan mai gona ya so ta. Malamarmu ta karanta mana a aji." Yara uku suka ce haka ne, a littafi yake. Na duba fuskokin iyayensu, ba wadda ta tsawata musu. Wannan aikinki ne da nawa.

Ba zan rubuto miki shi ba, kada ki roƙa. Likitan Cachoeira ya ce zuciyata ta yi girma, in daina ɗaukar kaya, in daina fushi. Kayan dai na daina. In kin zo Disamba, ki bar biro da takarda a São Paulo, ki zo da niyyar kwana uku a zaune, don ba na faɗar sa da sauri kamar ita, sai na tsaya na yi kuka.

Ban yafe miki ba tukuna, ban kuma ce ki yafe mini ba. Ki zo dai.

Innarki,
Valdelice